Bayan Tari Ya Lafa

Idan hunturu ya kankama a arewa maso yammacin Jigawa, daga Disamba zuwa Fabrairu, duwatsun Kazaure da na Roni sukan ɓace cikin hazo, rana ta fito fara ba ƙarfi. A irin waɗannan darare ake jin tari yana tashi daga ɗakuna: wani busasshe, wani mai kaki, wani kuma haɗe da siririyar ƙara kamar ana busa sarewa a cikin ƙirji. Da gari ya waye sai a nufi kyamis a karɓo maganin tari da 'yan ƙwayoyi. Wanda abin ya tsananta, a kai shi asibiti a Kazaure ko Babura a yi masa allura. Bayan kwana uku ko huɗu, idan masu dubiya suka tambayi jiki, amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, ya lafa."

Lafawar gaskiya ce, amma rabin gaskiya ce, kuma a kan rabin nan ne gidaje da shagunan magani, har da wasu ma'aikatan lafiya, suka gina yadda suke kallon cutar asma da danginta. Ana ɗaukarta tamkar baƙuwar da kan zo da sanyi ta tafi da zafi, don haka magani na ranar zuwanta ne kawai. Binciken likitanci na shekara ɗari da suka wuce ya nuna wani abu dabam. A tsakanin tashi da tashi, lokacin da mai ciwo yake noma ko girki yana ganin ya warke, bangon hanyoyin iskarsa yana canza siffa a hankali, kuma yawancin wannan canji ba ya komawa. Saboda haka kwanakin lafawa su ne kwanakin da suka fi buƙatar kulawa, su ne kuma aka fi yin sakaci da su.

Yadda lungu ke ƙuntata

Hanyar iska tana farawa daga maƙogwaro, ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, haka nan har kusan sau 23, kafin ta ƙare a 'yan jakunkunan iska ɗaruruwan miliyoyi, inda iska ke haɗuwa da jini. Babban mutum yana numfashi kimanin sau 20,000 a rana, iskar da ke bi ta waɗannan rassa kuwa ta kai lita 10,000. Bangon kowane reshe hawa-hawa ne. Daga ciki akwai lallausar fata mai 'yan ƙananan gashi da ke share majina da ƙura zuwa sama. A ƙarƙashinta akwai siririyar shimfiɗa da take zaune a kai. Daga baya kuma akwai zoben tsoka wanda kan matse ko ya saki.

Lokacin da asma ta tashi, abu uku ne ke faruwa tare: tsokar ta matse, fatar ta kumbura, majina mai yauƙi ta cika hanya. Duk ukun suna iya sakewa, shi ya sa ake ganin sauƙi. Matsalar tana cikin maimaituwa. Wanda ya tashi a unguwar ginin ƙasa ya san yadda lungu ke ƙuntata. Damina ta zaizaye bango, da rani a yi yaɓe. Wata daminar ta sake zaizaya, a ƙara wani yaɓen a kan na da. Kowane yaɓe gyara ne, babu wanda ya yi nufin ɓarna, amma bayan shekara ashirin lungun da jaki ke bi da kaya ya koma sai mutum ya karkata. Haka jiki yake yi wa hanyar iska. Fatar ciki ta yage, a gyara ta da ƙwayoyin halitta masu yawan fitar da majina. Shimfiɗar da ke ƙarƙashinta ta yi kauri da tabo. Zoben tsoka ya ƙara girma, kamar damtsen maƙeri da ya daɗe yana ɗaga guduma, ya kuma ƙara saurin matsewa. Sababbin jijiyoyin jini su tsiro a bangon su ƙara masa kumburi.

Tun a 1922 likitoci biyu a Shikago, Huber da Koessler, suka bayyana wannan kaurin bango a huhun waɗanda asma ta kashe. Daga baya an gano cewa yana farawa da wuri, domin an same shi a yara masu tsananin sarƙewar numfashi da ba su kai shekara biyar ba. A 2011 kuma masu bincike a Sawsamton ta Ingila suka nuna cewa matsewar tsokar ita kaɗai, idan ta yi ta maimaituwa, tana tayar da wannan gini ko da ba a ƙara wani kumburi ba. Ke nan kowane daren da aka kwana ana haki yana iya barin sawunsa.

Ƙanƙancewa kaɗan tana da babban tasiri, saboda dokar gudanar iska a cikin bututu. Idan faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar tura iska ta cikinsa tana ninkuwa kusan sau 16. Shi ya sa mai tsohuwar asma, wanda bangonsa ya riga ya yi kauri, mura kaɗan kan kai shi gadon asibiti, alhali maƙwabcinsa da ya kamu da irin murar yana gona.

Yankin da ba ya ƙara

Cuta ta biyu ita ce toshewar hanyoyin numfashi mai ɗorewa, wadda likitoci ke kira COPD. Ta fi asma sanɗa. Tana farawa a ƙananan rassan da faɗinsu bai kai milimita 2 ba. A 1968 James Hogg da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa a nan ne toshewar take, a 1970 kuma Jere Mead na Jami'ar Habad ya kira wurin yankin shiru na huhu, domin rassan suna da yawa ƙwarai, ana iya rasa ɗimbinsu mutum bai ji komai ba. Binciken da aka wallafa daga Bankuba a 2011 ya gano cewa a huhun masu tsananin cutar, fiye da kashi 70 cikin 100 na rassan ƙarshe sun ɓace ɗungurungum. Wani na 2018 ya nuna cewa ko a matakin da ake kira mai sauƙi, kusan kashi 40 sun riga sun tafi. Bayan rassan, sai bangon jakunkunan iska ya fara rushewa, huhu ya rasa talewa da komawarsa, iska ta shiga ta kasa fita. Babu maganin da ke tsiro da reshen da ya ɓace.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, ita ce ta uku a jerin masu kisa a wannan shekarar, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta kashe kafin su kai shekara 70 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A Turai da Amurka an san ta da cutar mashaya taba, kuma wannan suna ya biyo littattafan likitanci har zuwa Najeriya. Sakamakonsa shi ne, idan dattijuwa daga Gwiwa ta zo da haki da tari, aka tambaye ta ko tana shan taba ta yi salati, sau da yawa zancen COPD ya mutu ke nan.

Amma ga abin da huhunta ya sha. Tun tana 'yar goyo take kusa da murhu, a bayan uwarta. Ta girma tana hura wutar itace da kara, wani lokaci da busasshen kashin shanu, sau biyu ko uku a rana. Kowace haihuwa ta zo da makonnin dafa ruwan wankan jego. Da hunturu ta kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe. Idan tana sana'ar ƙosai ko awara ko ƙuli-ƙuli, an ƙara mata wasu sa'o'in a bakin wuta. Da kaka akwai ƙaiƙayin sussuka da shiƙa. Namiji ma yana da rabonsa: almajirin da ya yi shekaru yana karatun dare a gefen wutar tsangaya, mai tsire, mai gidan burodi, mai fasa dutse. A kan duk wannan ga ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, mai ɗauke da ƙwayoyi ƙanana da ke iya kaiwa can ƙarshen rassa. Wanda kuma ya taɓa yin tarin fuka, ko ya warke sarai, cutar kan bar masa tabon da ke toshe hanya.

Ba hasashe ba ne cewa wannan rayuwa tana haifar da cutar. A gundumar Masindi ta karkarar Yuganda, inda kusan kowa da itace yake girki, awon numfashi da aka wallafa a 2015 ya sami COPD a kimanin kashi 16 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 30, mata da maza kusan daidai, kuma yawancin matan ba su taɓa shan taba ba. A Ile-Ife an sami toshewar numfashi mai ɗorewa a kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama. Akwai kuma wani darasi daga binciken Amurka da Denmak na 2015: kusan rabin masu COPD ba saurin lalacewar huhu ne ya kai su ba, huhunsu ne tun asali bai kai cikar girmansa ba. Huhu yana gama girma ne tsakanin shekara 20 zuwa 25. Yaron da ya sha hayaƙi a goye, ya yi ta fama da ciwon huhu da ƙarancin abinci, yana shiga girma da ƙaramin jari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hayaƙi ma ya san haka.

Ita dattijuwar ba za ta kira abin cuta ba. Za ta daina zuwa rijiya, ta bar daka ga jikoki, ta koma yin salla a zaune, kowa ya ce tsufa ne, alhali shekarunta hamsin da 'yan kai.

Inhela biyu, aiki biyu

Maganin shaƙa da aka fi sani shi ne salbutamol, mai shuɗin gwangwani. Yana sa tsoka ta saki cikin mintuna, kuma yana ceton rai. Sai dai ba ya taɓa kumburin da ke ƙarƙashi. Wannan aikin na wani maganin shaƙa ne dabam, mai ɗauke da ɗan ƙaramin sinadarin sitiyarod, irin su beklometason da budesonid, wanda ake amfani da shi ko babu tari. Tun farkon shekarun 1970 yake hannun likitoci, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2019 kwamitin duniya mai tsara ƙa'idojin kula da asma, GINA, ya sauya shawarar da ta daɗe: ya ce kada a ƙara barin baligi ko matashi mai asma a kan shuɗin inhela shi kaɗai, domin dogaro da shi yana ƙara haɗarin mummunan tashi da mutuwa.

A aikace, akasin haka ake gani. Mai asma a karkara, idan ya yi sa'a, shuɗin yake da shi. Idan bai yi ba, ƙwayar salbutamol ce ko allurar gaggawa, ko ƙwayoyin sitiyarod na haɗiya da ake saya ba takardar likita a yi ta sha wata da watanni, masu jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Abin takaici, tsoron da ya dace da waɗannan ƙwayoyi an ɗora shi a kan inhela, wadda abin da take kaiwa jini ɗan kaɗan ne. Ana cewa wanda ya fara ta ba ya bari, ko ita ce alamar ciwo ya kai ƙarshe. Akwai gidajen da ke ɓoye ta don kada a ce 'yarsu mai asma ce a fasa aurenta. Sannan ga tsada: bayan faɗuwar darajar naira da sanarwar kamfanin GSK a Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, farashin inhela ya ninka sau da yawa.

Ya kamata a faɗi iyakar maganin. Inhelar rigakafi ba ta goge tabon da ya riga ya zauna, kuma ba kowane mai COPD take yi wa amfani ba. Shi ya fi buƙatar magungunan buɗe hanya masu dogon aiki, da nisantar hayaƙi, da motsa jiki. Abin da aka tabbatar shi ne tana rage yawan tashin asma da tsananinsa da mutuwa, kuma munanan tashin nan suna da alaƙa da saurin raguwar ƙarfin huhu. Ƙasar Finlan ta gwada wannan a matakin ƙasa daga 1994 zuwa 2004. Ba ta ƙirƙiro sabon magani ba. Ta horar da likitoci da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci da masu sayar da magani su gane asma da wuri su fara maganin kumburi. Kwanakin kwanciya asibiti saboda asma suka ragu da fiye da rabi.

Hujjar masu cewa ba yanzu ba

Akwai masu ganin cewa jihar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa ba ta da sararin damuwa da kaurin bangon hanyar iska. Hujjar tana da nauyi, amma ta manta cewa ana riga ana biyan kuɗin cutar, ta hanya mafi tsada: kuɗin mota zuwa asibiti da tsakar dare, iskar oksijin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake maimaitawa ba bisa buƙata ba, tafiya Asibitin Koyarwa na Aminu Kano bayan an makara, da manomin da ya kasa riƙe fartanya yana da shekara 45.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: ba a hana talaka itace ba tare da an ba shi madadi ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya, har gidajen ma'aikata da suka koma gas sun dawo gawayi. Kuma ingantaccen murhu ba tabbas ba ne. A Malawi an raba wa dubban gidaje murhu mai ƙarancin hayaƙi, sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna bai rage ciwon huhun yara ba, wataƙila domin hayaƙi yana zuwa ta ƙofofi da yawa, kuma gidaje sukan haɗa sabon murhu da tsoho. Darasin shi ne rabon murhu a bikin siyasa ba zai wadatar ba. Mafita ta gaskiya makamashi ne mai tsabta da talaka zai iya saya, wanda kuma zai rage saran itace a yankin da hamada ke matsowa. Kafin a kai can, akwai abin da ba ya cin kuɗi: girki a fili ko a madafi mai tagogi biyu, busasshen itace maimakon ɗanye, sauke goyo nesa da murhu, daina ƙona leda don hura wuta, da fitar da kasko daga ɗaki kafin a rufe ƙofa. Wannan na ƙarshe yana kuma kare mutane daga gubar garwashi mai kisa cikin barci.

Abin da ya rage ga masu iko da masu ilimi

Na farko shi ne awo. Ba a gane COPD da abin sauraron ƙirji ko hoton ƙirji kaɗai. Sai da na'urar awon numfashi, wadda mutum ke hurawa da ƙarfi ta nuna yawan iskar da ya fitar a daƙiƙar farko. Akwai ƙanana masu aiki da batir, kuma ma'aikacin jinya yana iya ƙwarewa a kansu da horo na ɗan lokaci. Ya kamata kowane babban asibiti a yankin, farawa da Kazaure da Babura, ya kasance yana da ita tana aiki, da ranar da aka ware mata a mako, ƙananan asibitocin Roni da Gwiwa kuma su san inda za su tura mutum. Waɗanda za a fara aunawa suna nan a hannu: duk wanda ya zo da tsohon tari aka gwada kakinsa ba a sami tarin fuka ba, da duk wanda ya gama maganin tarin fuka amma haki bai bar shi ba.

Na biyu, inhelar rigakafi ta shiga cikin magungunan da inshorar lafiya ta jiha da asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, suke biya, a kuma same ta a kan kanta, ba a takarda kawai ba. Na uku, masu kyamis, tun da su ne ƙofar farko, a koya musu ƙa'ida ɗaya: wanda ya dawo sayen shuɗin inhela sau uku a shekara, asibiti yake buƙata. Makarantar jinya da ungozoma da ke Babura tana iya yaye ɗaliban da suka iya koya wa uwa yadda ake shaƙa wa yaro magani ta cikin gorar roba da aka huda, dabarar da aka gwada a Afirka ta Kudu aka ga tana aiki. Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura kuwa, da wuya su sami aikin bincike da ya fi kusa da ƙofarsu kamar auna hayaƙin madafan ƙauyukan da ke kewaye da su, da zana madafin da magini na gari zai iya ginawa.

Saura kuma na cikin gida ne, kuma ya fi shafar masu ilimin da ake kira a waya idan jikin Inna ko na Baba ya tashi, su tura kuɗin magani su koma aiki. Idan aka ce musu ya lafa, akwai tambayoyin da suka fi wannan amsa amfani. Dare nawa tari ya tashe ta a watan nan? Sau nawa ta nemi inhela a mako? Wane aiki take yi bara wanda bana ta bari? Idan amsar ta nuna ana ja da baya, lokacin kai ta awo shi ne yanzu, tana zaune tana hira tana cewa ba komai, tun kafin hazon Disamba ya sake rufe duwatsu.